An Yanko, An Ware Ko An Gutsure? Tsokaci a Kan Fassarar Kalmomin Rabuwa Daga Ingilishi

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya rubuta mana wata gajeriyar jimla ta Ingilishi a kan allo, ya ce kowa ya mayar da ita Hausa cikin minti biyar. Jimlar tana magana ne a kan yadda aka samar da Yankin Babban Birnin Tarayya a shekarar 1976, kuma aikatau ɗin da ke cikinta shi ne "carved out". Da aka tattara takardu sai ga amsoshi iri-iri. Wani ya ce an ƙirƙiro yankin daga jihohi uku, wata ta ce an ware shi, wasu da dama suka ce an yanko shi. Akwai ma wanda ya buɗe ƙamus ya cafki ma'anar farko da ya gani, ya rubuta cewa an sassaƙa shi, sai ka ce turmi ko kujerar tsugunno, aji kuwa ya kwashe da dariya. Ni kuma na rubuta "an gutsure". Malam ya ja wa kalmar layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Fassara aka ce ka yi, ba ƙorafi ba."

Ban yi musu ba, domin malam yana da gaskiya. Sai dai tun daga ranar nake tambayar kaina abin da ya sa hannuna ya tafi ga wannan kalma ba tare da na yi shawara da shi ba. Amsar ita ce ni ɗan Suleja ne, kuma ƙasar da jimlar ke magana a kai babban kasonta daga masarautarmu ya fita. Wanda ya rubuta "an ƙirƙiro" yana kallon sabon abin da aka samu, ni kuma ina kallon gurbin da aka bari. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kai ke nan: a cikin kalmomin rabuwa da warewa da fashewa da wuya ka sami 'yar ba-ruwanmu. Duk wadda ka ɗauka ta riga ta faɗi wani abu game da irin abin da ya rabu, da wanda ya raba shi, da kuma ko da son rai aka yi. Mai fassarar da bai san haka ba zai yanke hukunci a kan mutane alhali yana zaton aikin ƙamus kawai ya yi.

Bari mu fara duba su kalmomin Ingilishin. Duk wanda ya lura zai ga hawa biyu ne. Akwai gajeru na gida da kasuwa, irin su "break" da "cut" da "tear" da "split", waɗanda ba daga Latin ko Faransanci suka zo ba. Sannan akwai dogaye na ofis da kotu da asibiti, irin su "separate" da "secede" da "segregate" da "isolate" da "partition", waɗanda tushensu Latin ne, wasu ta hanyar Faransanci suka shigo bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, wasu kuma malamai ne suka aro su daga baya. Mu ɗalibai waɗannan dogayen su ne ke ba mu tsoro, muna ganin kamar suna ɗauke da wani zurfin ilimi da Hausa ba za ta iya kaiwa gare shi ba. Alhali idan ka tone asalinsu za ka tarar da hotuna ne na yau da kullum. Ita "segregate" an gina ta ne daga kalmar Latin mai nufin garke, wato fitar da dabba daga cikin garke, abin da Bahaushe ya daɗe da taƙaitawa da cewa saniyar ware. "Isolate" daga kalmar tsibiri ta fito, wato a mai da mutum tsibiri. "Quarantine" kuwa daga lambar 40 take a Italiyanci, saboda kwanakin da ake tsare jirgin ruwa a bakin gaɓa a zamanin annoba kafin a bar mutanensa su sauka. Ashe su ma makiyaya da matuƙa jirgi ne suka haifa musu kalmomin, tsufa ne kawai ya sa suka yi kama da na lauyoyi.

Matsalar ta fi fitowa fili a wajen gajerun, musamman "break". Bature zai yi amfani da ita ga sanda da tukunya da igiya da alkawari da zuciya, duk kalma ɗaya. Bahaushe kuwa ba ya yarda da wannan. Na koyi haka tun kafin in san akwai wani fanni wai shi ilimin ma'ana, a wurin kakata, ranar da na dawo daga ɗebo ruwa na ce mata tulu ya karye. Ba ta ko tambayi ruwan ba, sai ta ce, "Kai ɗan nan, tulun ƙafa gare shi da zai karye?" Tulu fashewa yake yi, haka ƙwai da gilashi da ƙwarya. Sanda da ƙashi da allura su ke karyewa. Igiya da zare da carbi tsinkewa suke yi. Tufa ta yage ko ta kece, bango ya tsage ko ya dare, maɓalli ya ɓalle, bakin kwano ya ɓantare, ƙuli-ƙuli a gutsure shi ko ya marmashe, itace kuma a faskara shi. Kowane aikatau yana gaya maka siffar abin tun kafin a ambace shi: dogo ne mai tauri, ko mai ciki ne, ko siriri mai lanƙwasa, ko shimfiɗaɗɗe. Ko gutsattsarin ma ba sunansu ɗaya ba, na tukunya tsingaro ne, na ƙwarya kuwa sakaina.

Ba abin mamaki ba ne mutumin Suleja ya damu da yadda tukunya ke fashewa. A garin nan ne Baturen nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, lokacin sunan garin Abuja, kuma a nan Ladi Kwali ta shiga aiki a shekarar 1954, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. Wani abin lura shi ne, ƙauyen da aka haife ta, Kwali, yanzu yana cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, wurin aikinta kuma ya zauna a Jihar Neja. Layin da aka ja a taswira ya bi ta tsakiyar tarihin mace ɗaya.

Bayan bambancin saiwa, Hausa tana da wasu kayan aikin da Ingilishi sai ya nemo wata kalma daban kafin ya biya bukatarsu. Giredin aikatau da F. W. Parsons ya tsara a shekarar 1960, wanda muke haddacewa don jarrabawa mu manta, a nan amfaninsa yake. Daga saiwa ɗaya muna da raba da rabe da rabu da rabo. Ninki kuma yana ba mu rarraba da farfasa da kakkarya da yayyaga da tsittsinka, inda Bature zai koma ga "shatter" ko "shred" ko "fragment". Idan aka ƙara da amsa-kama irin su rugu-rugu da kaca-kaca da gunduwa-gunduwa da filla-filla, sai ka ga babu wani mataki na lalacewa da ba mu da ma'auninsa. A nan zan ɗan yi ratse in tuna wa 'yan aji ɗaya cewa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka "an fasa taro" tana iya nufin an tarwatsa shi, tana kuma iya nufin an janye shi tun ba a taru ba. Mai karanta labarai da bai lura ba sai ya mai da sanarwar janye taro ta zama labarin tarzoma.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Hausa ta fi Ingilishi ne. Wannan gardamar ta zaman majalisa ce, ba ta ɗalibin harshe ba. Masana a Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan sun taɓa nuna wa masu magana da harsuna 28 gajerun hotunan bidiyo na mutane suna yanka abubuwa da fasa su, suka ce kowa ya faɗi abin da ya gani, aka buga sakamakon a shekarun 2007 da 2008. Sun tarar da harshen Tzeltal na Meksiko ya yi amfani da aikatau fiye da 50, wani harshe kuma na wani tsibiri a Papuwa Niugini 'yan ƙalilan kawai ya bukata. Kowa ya isar da saƙonsa. Abin da ya bambanta shi ne inda kowane harshe ya ja iyakokinsa, kuma mai fassara a kan waɗannan iyakoki yake aiki.

To, mu koma Suleja, domin a nan ne na ga yadda zaɓen aikatau ke sauya labari. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yi kudu zuwa Zuba. Ya rasu a wajen yaƙi kusa da Lapai a shekarar 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin da aka kira da sunansa, Abuja, a shekarar 1828. Littattafan Ingilishi sukan ce Makau "fled". Idan ka fassara da "ya gudu" ka ɗora masa tsoro. Idan ka ce "ya yi ƙaura" ka share yaƙin gaba ɗaya, kamar wanda ya sauya unguwa. "Ya yi hijira" tana ɗauke da nauyin addini wanda zai sa mai karatu ya tambayi wane ne mai gaskiya a rikicin. "An kore shi" kuwa ta mai da hankali ga waɗanda suka yi korar. Duk huɗun ana iya kare su da ƙamus, amma ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Wannan tarihi da Hausa aka fara rubuta shi, Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, Frank Heath ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a shekarar 1952. Ina ganin aikin kundin digiri ne mai kyau wani daga cikinmu ya ajiye matanin biyu gefe da gefe ya bi aikatau ɗin rabuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa jin wani abokina a ɗakin kwana yana cewa ai Abuja ɓallewa ta yi daga Zazzau. Nan take na ce masa ya janye. Abin da ke ɓallewa ƙarami ne da ke maƙale a jikin babba, kamar reshe a jikin bishiya ko maɓalli a jikin riga. A wurin mutanen garinmu kuwa, gidan sarautar ne da kansa ya taso da tutarsa da sarautunsa, shi ya sa har yau sarkinmu Sarkin Zazzau ake ce masa, kamar yadda ake ce wa na Zariya. Wanda ya ce "ta ɓalle" ya riga ya yanke hukuncin wace ce uwa, wace ce 'ya. Idan ana neman kalmar da ba za ta jawo faɗa a ɗakin kwana ba, "Zazzau ta dare gida biyu" ta fi kusa, domin abin da ya dare kowane ɓangarensa na jikin asalin ne.

Sai kuma rabuwa ta biyu, wadda iyayenmu suka gani da idonsu. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar mayar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa tsakiyar Nijeriya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma a wannan rana ce aka sanar da sababbin jihohi har da Jihar Neja. Dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta fitar da fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a Suleja suka fara zama, gwamnati kuma ba ta tare a can ba sai ranar 12 ga Disamba 1991. A rubuce-rubucen Ingilishi za ka ga ana cewa ƙasar an yi mata "cede" ko "excise" ko "acquire". Ta farko tana nufin mai abu ya miƙa, ta biyu kalmar likitan fiɗa ce mai nufin yanke wani sashe a cire, ta uku kuma ta mai karɓa ce, ba ta ma ambaci cewa abin yana da mai shi ba. A Suleja za ka ji dattijo ya ce "mun ba da", yana alfahari da sadaukarwar, ka ji matashin da ke neman aiki ya ce "an karɓe". Su biyun a gida ɗaya suke kwana. Ɗalibin da ya ɗauki "raba" ya shafa wa duka ukun ya huta, amma ya binne bambancin da mutane ke gardama a kansa shekara da shekaru.

Ita kanta "raba" tana da wani sirri da ya kamata mu lura da shi. Daga jikinta "rabo" ya fito, kuma rabo yana nufin tsawon lokacin da ka yi ba ka ga mutum ba, yana kuma nufin kason da ya faɗo maka. Don haka duk inda Bahaushe ya ji an raba, kunnensa na jiran ya ji wa ya samu me. Ingilishi ya ware waɗannan ma'anoni a kalmomi daban-daban, "separate" da "divide" da "share". Idan takarda ta ce "separate" ka ce "raba", mai sauraro zai iya jin alkawarin kaso wanda marubucin bai yi ba.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce "resettlement", da muka saba fassarawa da "sake tsugunar da jama'a". Fassarar ba ta da laifi a nahawu, amma ita da ta Ingilishin duk ƙarshen labarin suke bayarwa. Kafin a tsugunar da mutum sai an tashe shi. Gwarawan da aka kai Sabon Wuse, a kan hanyar Kaduna, sun bar gonaki da kaburburan kakanni a inda unguwar Wuse ta Abuja take a yau. Idan ka saurari masu irin wannan tarihi suna ba da labari da Hausa, "an tashe mu" za ka ji. Haka abin yake ga rushe-rushen gidaje da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, wanda ya turo jama'a da yawa Madalla da Suleja. Bakin talaka bai jira wani kwamitin ƙirƙirar kalmomi ba, ya ce "rusau", kalma ɗaya mai ɗauke da ƙarar katafila.

A fagen siyasa ma haka ne. Bayan da Janar Aguiyi-Ironsi ya soke tsarin tarayya da doka mai lamba 34 a watan Mayu 1966, kalmar da aka yi ta ɗagawa a biranen Arewa ita ce "a raba", wasu kuma "a ware". Da yankin Gabas ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, sai muka ce ya ɓalle. Ka lura, lokacin da mu ke nema mun zaɓi aikatau ɗin da ake raba gado da shi, da wasu suka yi kuma muka ba su na maɓallin riga. A Ingilishi duka biyun "secession" ne. Har yanzu gidajen rediyo kan yi ta kai-kawo tsakanin "'yan aware" da "masu neman ɓallewa" da "masu fafutukar 'yancin kai", kuma Sudan ta Kudu ta ɗanɗana dukkansu kafin ta zama ƙasa a shekarar 2011. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan gidaje za mu nemi aiki, inda za a miƙo maka labari cikin Ingilishi a ce minti goma ya rage a shiga ɗakin watsa shiri.

Akwai inda nake ganin masu fassara sun yi abin yabo. A lokacin annobar korona a shekarar 2020, da an fassara "isolate" da "ware", da an mai da marar lafiya saniyar ware, mutane kuma su riƙa ɓoye ciwonsu. Sai aka ɗauki "killace", wadda ake yi wa abu mai daraja, kamar fili ko lambu ko kayan ɗaki, tana nuna tsarewa tare da kulawa. Dokar hana fita kuma jama'a suka kira ta "kulle", kalmar da ta riga ta zauna a gidajenmu da wata ma'ana, kowa kuma ya gane. Inda muke yawan faɗuwa shi ne wajen kalmomin zuci. A littattafan soyayya da fassarar finafinai ina yawan cin karo da "ta karya mini zuciya" a madadin "heartbreak". A Hausa wanda zuciyarsa ta karye ƙarfin hali ne ya ƙare masa, kamar mai jinya da ya ga jiki ya ƙi, ko ɗan kasuwar da ya ga asara. Wanda masoyiya ta guje wa kuwa baƙin ciki ne ya kama shi, ko an yaudare shi, ko an ci amanarsa. Haka nan "lonely", wani lokaci kaɗaici ne, wani lokaci kewa, kuma mutum yana iya jin kewa a tsakiyar Kasuwar IBB ranar da ta fi cika.

Ƙamusoshinmu ba su yi mana rowa ba. Na Bargery na 1934 da na Abraham da na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk suna kawo ma'anoni da misalai. Mu ne muke tsayawa a layin farko. Sai dai dole in amsa wani abu guda, kada in zama mai ganin laifin harshen wasu kaɗai: Hausa ma ta iya ɓoye mai aiki. Jimlar da malam ya ba mu ba ta faɗi wanda ya yi yankan ba, mu ma duk da "an" muka fara, har da ni mai ƙorafin. Giredi na bakwai ya ma fi iya wannan, domin idan ka ce "ƙasa ta rabu" sai ka ce ita ta ga dama ta rabu da kanta.

Da za a sake ba ni wannan jimla a yau, "an yanko" zan rubuta. Tana riƙe da wuƙar da ke cikin kalmar Ingilishin, tana nuna an ɗebo daga jikin wani abu, wasalin ƙarshenta kuma yana nuna cewa mai maganar yana tsaye ne a ɓangaren da aka kawo wa, wanda shi ne matsayin marubucin asali. "An gutsure" tawa ce, ba tasa ba, kuma ba ni aka tambaya ba. Na je ofishin malam na faɗa masa haka bayan an kafe sakamako. Ya saurare ni har na gama, ya ce bayanin ya yi, amma maki biyun da ya cire sun riga sun shiga rajista.